Wanda Ya Fara Fitar da Kai

Ku gyara zama ku ji. Wanda kuma ya san zai ce ƙarya nake yi, ya tashi tun yanzu ya ba wani wuri, ba na son musu a tsakiyar magana.

A ƙarƙashin kogin Kwara, daidai inda ruwa yake yin baƙi wuluk gabas da Tungar Maikaho, akwai birni. Ba kufai ba, birni sosai, da ganuwarsa da fadarsa, kogin kuwa shi ne rufinsa. Mutanen tungar sun yi zamani bayan zamani suna su, suna wanki, suna tuƙa jirage a bisa kansa, ba wanda ya sani. Mutum guda na sani da ya taka shi da ƙafarsa ya dawo, wani masunci ana ce masa Tunau, shi ma bakinsa ne ya kai shi.

Tunau yana da taubashi, sunansa Labbo. Uban Tunau da uwar Labbo ciki ɗaya suka fito, don haka Tunau ɗan namiji ne, Labbo ɗan mace, tun suna yawo ba wando Tunau ba ya kiransa da komai sai "bawana". Uwar Tunau ta rasu yana goye, Gwaggo Ige uwar Labbo ce ta haɗa su ta rena. Suka tashi jirginsu ɗaya, tarunsu ɗaya, akushinsu ɗaya. Labbo ya yi aure, matarsa Tumba ta haifa masa 'yan mata biyu, Tunau kuwa yana nan tuzuru, sai tsohon ubansa da yake ɗawainiya da shi. Ba abin da ya taɓa raba su sai magana ɗaya: wa ya fi wani daɗewa a ƙarƙashin ruwa?

Kowace shekara in an gama girbi, ruwa ya ja baya, tungar kan yi wasan ruwa. Mutanen hayi da na tsibirai su cika gaɓa maƙil. A yi tseren jirage, a saki agwagwa samari su bi ta da iyo suna shan ruwa suna zagin juna, 'yan mata su shiga iya ƙugu suna kiɗa ruwa da tafin hannu har ka rantse ganga ce, ƙanshin soyayyen kifi ya hana kowa sakat. Amma abin da ake jira shi ne nutso. A kafa gwangwala a tsakiyar ruwa, mutum biyu su bi ta su nutse su riƙe gindinta, makaɗi ya yi ta kiɗa, wanda ya fara fitar da kai ya faɗi. Sarkin Ruwa yana zaune a jirginsa, shi ne alƙali.

To, shekara da shekaru su biyun nan ke ragewa a ƙarshe, kuma kullum sai an tashi baram-baram. In Sarkin Ruwa ya ba Labbo nasara, sai Tunau ya ce idon tsoho ne ya mutu, shi ya san tare suka fito, ko ma shi ne na baya.

Ranar da abin zai faru, suna riƙe da gwangwala, ruwa iya wuya, sai Labbo ya ce yadda kowa zai ji, "Ubangidana, in ƙirjinka ya fara zafi ka taɓa ni in raka ka sama, kada ka tsorata."

Jama'ar da ke cikin jirage suka fashe da dariya. Tunau mutum ne mai saurin hawa, nan take idonsa ya rufe. Ya ɗaga hannu ya mari ruwa, ya ce da ƙarfi, "Bana na sallami alƙalancin tsofaffi! Kogi, kai ne alƙali. Abin da ka yanke, na yarda!"

Haba Tunau! Ɗan masunta guda, ka rasa abin faɗa sai wannan? Ko yaron goye a tungar ya san ana roƙon kogi, ana gode masa, ana ba shi haƙuri, amma ba a naɗa shi alƙali, don in ya zauna shari'a ba mai tashinsa. Tsofaffin mata suka ɗau salati. Sarkin Ruwa ya miƙe tsaye a jirgi ya ce, "Kai, tofar da yawun nan maza!" Kafin ya rufe baki, Labbo, wanda ba ya yarda a fi shi ko da a wauta ne, shi ma ya mari ruwan ya ce, "Ni ma na yarda!" Makaɗi bai ji abin da ake ciki ba, ya saki ganga. Suka ja numfashi suka nutse.

Gwangwalar da aka kafa da safe ba wani tsawo gare ta ba, amma suka yi ta bin ta ƙasa, suka yi ta bi, ba gindi. Ruwan ya tashi daga ja ya koma kore, ya koma baƙi. Tunau ya so ya juya, ya hangi Labbo na ƙara yin ƙasa, ya ce a ransa sai dai a mutu. Can sai ya ji zafin ƙirjinsa ya ɗauke cak. Ƙafarsa ta taka yashi fari fat, busasshe.

Ya ɗaga kai. Ga kogi can sama a shimfiɗe yana tafiya a hankali, ga gindin jirage a jere, ga ƙafafun masu iyo sun tsaya kamar an dasa su. Sai ya ji "dum". Aka daɗe, aka daɗe, har ya fid da rai, sannan ya ji wani "dum" ɗin. Gangar makaɗinsu ce, amma a nan ƙasa tsakanin bugu da bugu mutum zai iya cin tuwo ya wanke hannu.

Labbo ya ce, "Ubangidana, kana ganin abin da nake gani?"

"Rufe mini baki, bawa."

Ba su ankara ba sai ga dogarai sun kewaye su, dogaye, gashinsu har dugadugai, idanunsu ba sa ƙiftawa. Ba su taɓa su ba, nuni kawai suka yi. Aka bi da su ta ƙofar ganuwa, wadda aka gina da duwatsun kogi da ƙasusuwan kifi, har fada. Magajiyar Zurfi, mai mulkin birnin, tana kishingiɗe a bayan wata kififiya mai faɗin tsakar gida, ƙananan kifaye na yi mata kitso. Dama da ita ga wasu mazaje a jere bisa tabarmi, sanye da manyan riguna, gaban kowa akushi cike ba a taɓa ba. Fatarsu ta yi kore-kore. Dukansu sun ɗaga fuska suna kallon rufi, ko motsi ba sa yi.

Tunau da Labbo suka zube suka yi gaisuwa.

Magajiya ta ce, "Maraba da waɗanda suka naɗa mu alƙalai. An daɗe ba a girmama mu haka ba. Ya ku 'ya'yan tudu, ku ji hukunci, sau ɗaya ake faɗinsa. Wasanku yana nan bai ƙare ba. Wanda ya fara fitar da kai daga ruwa ya faɗi, wanda ya faɗi kuwa ba mu da bukatarsa, ya tafi gida. Wanda ya rage shi ne gwani, gwani kuwa namu ne. Zai zauna cikin waɗannan, a yi masa riga, a girmama shi har ranar da kogi zai ƙafe. In kuma makaɗinku ya ɗaga hannu daga ganga ba wanda ya fita, kun zama gwanaye ku biyu."

Tunau ya matso gaba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, uwar masu iyo, ni na yi kiran. Wannan bawana ne, bin bakina kawai ya yi. A riƙe ni, a sake shi."

Ta ce, "Ruwa ya ji mari biyu. Kuma mu ba ma riƙe kowa. Ka ga igiya a ƙafarka? Ga gwangwalarku can inda kuka bar ta. Mai son tafiya ya hau."

Wallahi da kurkuku aka jefa su da ya fi musu sauƙi, sa nemi inda za su fasa. Suka koma gindin gwangwala suka tsaya, hanya a buɗe, kowa na kallon ɗan'uwansa.

Tunau ya ce, "Hau."

"Kai dai hau. Yaushe bawa ya fara shiga gaban ubangidansa?"

"Labbo, ba wasa nake ba. Kana da Tumba, kana da 'yan mata biyu. Ni wa gare ni?"

"Kana da Kawu. Wa zai riƙa ɗaga shi yana fito da shi shan hantsi? Kuma in na fita ni kaɗai, da wane ido zan kalli Inna? In ce mata na bar ɗan yayanta a ruwa na gudo?"

Suka yi ta yi har suka kai ga kokawa, kowa na ƙoƙarin cusa ɗan'uwansa sama. 'Yan birnin suka taru suna kallo suna tafi, ashe su wannan ne nasu wasan. Da suka gaji suka zube suna haki. Can sama aka ce "dum".

Labbo ya ce, "Tunda ba mai fita shi kaɗai, sai mu nemi inda ake fita tare."

Suka koma wurin mazajen nan masu kallon rufi. Na ƙarshen jerin tsoho ne tukuf. Tunau ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah akwai ƙofar da mutum biyu za su fita lokaci ɗaya?"

Tsohon bai sauke ido ba. Da ƙyar leɓensa ya motsa. "Ni ban nema ba, ɗana. Abokin wasana ko sallama bai yi mini ba ya haye. Ku tambayi masu hulɗa da sama: Kakar Rijiya, Giwan Ruwa, Dorina. In Allah ya sa ka fita, akwai wata mata mai wankin gero a mashayar kuka, ka ce mata..." Ya yi shiru yana neman sunanta, ya nema ya rasa. Hawaye ba ya zuba a can, sai dai bakinsa ya yi ta rawa.

Suka fita ta ƙofar arewa. Hanyar rijiya wata jijiyar ruwa ce da ta ratsa cikin ƙasa, ƙunci gare ta, sai da rarrafe, wani wuri ma sai da jan ciki. Duhu ya rufe su, ƙaguwoyi makafi suka yi ta cizon su a gwiwa da kunne. Wani wuri ƙasa ta rufto a kan Labbo, sai da Tunau ya tona da farce ya jawo shi ta hannu. Ko a can cikin ƙasa gangar tana biye da su. Daga bisani suka ɓullo a gindin rijiyar wani gari mai nisa da bai taɓa ganin jirgi ba. Can sama ga ɗan haske zagaye, ga guga na saukowa sannu-sannu. A gefe wata 'yar tsohuwa tana zaune a kan tarin tsofaffin gugunan da igiyarsu ta tsinke.

Tunau ya ce, "Sannu da hutawa, Kaka mai shayar da gari."

"Wa nake gani haka? 'Yan kogi a rijiyata? Me ya koro ku?"

Suka kwashe labari suka gaya mata. Tunau ya ce, "Kaka, ruwanki ba kogi ba ne. In muka fita ta nan, hukuncin bai hau kanmu ba."

Ta yi dariya har sai da gugan ya girgiza. "Yaro, wa ka ji yana ba ni ruwan? Duk wata laima da ke cikin ƙasar nan 'yar kogi ce, ni kaina jikarsa ce. Kuma ɗaga kai ka dubi bakina. Mutanen garin nan malalata ne, ƙuntatacciyar rijiya suka haƙa. Kai ɗaya take ɗauka, na biyu ya biyo baya."

Tunau ya auna da ido ya ga gaskiya ne. Ya dubi gugan, ya dubi Labbo. Labbo ya ce, "Kada ma ka fara." Suka juya suka sake shiga ramin da jan ciki.

Giwan Ruwa yana zaune ne a Maƙabartar Jirage, inda duk jirgin da ya taɓa nutsewa yake gangarowa ya kwanta. Wurin ba ya shiguwa da daɗi. Tsofaffin tarunan da suka ɓace wa masu su suna yawo su kaɗai, suna kama duk abin da ya gifta, ba mai janye su, ba mai kwance su. Ɗaya ya nannaɗe Tunau tun daga wuya har ƙafa, ya fara jan sa cikin wani rami, Labbo ya bi da haƙori yana gatsa zare har dasashinsa ya yi jini. Da suka kuɓuta suka tarar da mai wurin kwance tsakanin ruɓaɓɓun jirage. Kakan kifaye ne, ya fi jirgin fito tsawo, leɓensa cike da ƙugiyoyi masu tsatsa.

Ya ce, "Ina jin warin masu ƙugiya. Ya 'ya'yan masunta, kun zo ku ƙara mini ne?"

Tunau ya ce, "Tambaya muka zo yi, ya babban da taru bai taɓa ɗauka ba."

"Ba na amsa tambaya da baki mai ciwo. Wanda ya san yadda ake sa su ya san yadda ake cire su. Ɗayanku ya shigo."

Ya wangame baki. Tunau ya shiga har ƙugu, Labbo na riƙe da ƙafafunsa, ya yi ta zare ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, numfashin kifin na kaɗa shi gaba da baya. Wasu daga ciki ya gane ɗaurin gidansu ne, ya ci gaba da zarewa. Da ya gama ya fito ya ce, "Ga bukatarmu. Ka haɗiye mu mu biyu, ka kai mu gaɓa, ka amayar da mu a kan yashi."

Giwan Ruwa ya motsa leɓensa, ya ji daɗinsa. Ya ce, "Da yana yiwuwa da na yi, don kun sauƙaƙa mini. Amma ku duba. In na ɗauke ku na fita, kan wa ya fara fita daga ruwa? Nawa. Ni na faɗi ke nan, ku biyu kun zama gwanaye a cikina. Abin da zan iya shi ne in rage muku hanya. Ku kama bayana."

Suka kama, ya tsaga ruwa da su. Suna cikin tafiya Tunau ya dubi hannunsa, ya ga wata siririyar fata ta fara haɗe tsakanin yatsunsa. Ya gane birnin ya fara mai da su nasa. Can sai Labbo ya matso da baki kusa da kunnensa, muryarsa ba wasa a ciki.

"Tunau. Ƙaramar 'yata, mai wushiryar nan. Yaya sunanta?"

"Hajjo."

"Hajjo," in ji Labbo. "Hajjo, Hajjo."

Haka ya yi ta maimaitawa har suka isa. Tsoro ya kama Tunau irin wanda bai taɓa ji ba, ya fi na taru, ya fi na bakin kifi. Ya gwada tuna muryar ubansa, ya ji ta can nesa, da ƙyar ya kamo ta.

Ƙasar dorinai dajin ciyawar ruwa ce, rana na ratsowa tsaye-tsaye daga rufi. Sai da suka bi ta tsakanin ƙafafun garke, kowace ƙafa kamar turmi, in ta sauka yashi ya tashi ya rufe ido. Sau nawa suna faɗuwa suna mirginawa kafin a taka su, Allah kaɗai ya sani. A tsakiyar garken suka sami uwarsu, tsohuwar Dorina mai karyayyen haure.

Tunau ya rusuna ya ce, "Ya uwar garke, mai wuni a ruwa ta yi kiwo a tudu, ba wanda ya kai ki hawa da sauka. Ki koya mana yadda abu biyu ke fita daga ruwa lokaci ɗaya. Mun yi niyyar haɗa goshi da goshi, mu ɗaure kawunanmu da igiya ɗaya."

Dorina ta yi wata doguwar hamma. Ta ce, "Ku dubi hancina. Ƙofa biyu ne a fuska ɗaya, ƙashi ne ya haɗa su, ba igiya ba. Tun kafin a kafa tungarku nake fitar da su in shaƙi iska, ban taɓa fitarwa ba sai kogi ya gaya mini wadda ta riga. Yau ta dama, gobe ta hagu. Alƙalinku na tudu ne ke iya cewa an fito tare, don idonsa na mutum ne. Wanda kuka naɗa ba a taɓa fitowa tare a gabansa ba."

Tunau ya fusata ya manta da ladabi. "To ina amfanin girman naki?"

"Ban ce muku ina da amfani ba. Ku ne kuka zo. Ku bar surutu ku kasa kunne."

Suka kasa. Kiɗan ya sauya. Duk ɗan tungar ya san wannan sauyin: in nutso ya yi tsawo, makaɗi kan juya zuwa kiɗan kira, shi kuwa gajere ne, daga shi sai ɗaga hannu. Suka dubi juna. Dorina ta cika ciki ta hura hanci, igiyar ruwa ta kwashe su, ta yi ta wulwula su har ta watsar a gindin gwangwala.

Birnin kaf ya hallara. Magajiya na bisa kififiyarta. Wani dogari na riƙe da sabuwar riga, wani a bayansa na riƙe da ta biyu, ko da za a bukata.

Tunau ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya durƙusa a gaban Labbo. Ya ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba, kullum umarni nake ba ka. Yau na roƙe ka, don Allah, don darajar Gwaggo. Bakina ne ya jawo mana, ka bar ni in ɗauki abina. Ka tafi tun kana tuna sunan 'yarka."

Labbo ya dube shi. Sannan ya ce, "To, na ji. Tashi, kana ba ni kunya. Amma sai ka raka ni. Ba zan hau ni kaɗai ana kallona kamar ɓarawo ba. Ka kai ni har kusa da rufi, mu yi sallama a can."

Tunau ya ji sanyi a ransa, har da 'yar dariya. Sakarai Tunau, ya manta da wa suka tashi.

Magajiya ta ce, "Rakiya ba laifi ba ce. Amma ku sani, numfashin da muka ara muku na birni ne. In ya rage kamu ɗaya ku taɓa rufi zai dawo wurinmu, kowa ya koma da ƙirjin da uwarsa ta haife shi da shi."

Suka kama gwangwala suna fuskantar juna, suka hau. Ruwan ya tashi daga baƙi ya koma kore, ya koma ja. Gangar ta yi ta ƙara sauri har ta dawo yadda suka san ta. Ga hasken rana nan na rawa dab da kawunansu, sai Tunau ya ji nauyi ya faɗo masa a ƙirji, numfashin aro ya tafi. Ya dafa kafaɗar Labbo, ya nuna masa sama.

Labbo bai motsa ba.

Tunau ya sa hannu a hammatarsa ya tura, ya ji kamar kututture yake turawa. Ya duba, ashe Labbo ya harɗe gwangwalar da ƙafafu, ya maƙale ta da hannu ɗaya. Tunau ya yi wuf zai zame ya koma ƙasa inda numfashi yake, Labbo ya damƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, damƙar mai jan taru. Ba sama, ba ƙasa. A nan ya gane. Ba rakiya Labbo ya nema ba, wasan ya jawo shi su ƙarasa, a inda ba roƙo ba magana, sai ƙirji da ƙirji.

Tunau ya ce a ransa, to bismilla, yau za a san gwani. Shi ma ya harɗe gwangwalar. Bai taɓa son cin wasan nan kamar yau ba. Ƙirjinsa ya ɗau zafi, ya daure. Maƙogwaronsa ya fara shure-shure, ya haɗiye. Kunnuwansa suka ɗau ƙara, idonsa ya fara ganin wuta-wuta, ya kafa haƙori a gwangwala har ya shige. Ya kira sunan Allah, ya kira Tumba, ya kira 'yan matan nan biyu, ya ce wa jikinsa saura kaɗan, saura kaɗan. Ya buɗe ido ya dubi Labbo. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, wani siririn jini na fita daga hancinsa yana bin ruwa, amma idonsa a kwance yake, da sauransa. Abin da Tunau ya shekara yana musu ya tsaya masa a gaba ƙiri-ƙiri: Labbo ya fi shi, tun can ma ya fi shi.

Jiki kuwa bai san zumunci ba. Haƙoransa suka saki da kansu, hannunsa ya saki, ƙafafunsa suka yi shuri ba da izininsa ba. Labbo ya sake masa hannu. Abin da Tunau ya gani na ƙarshe, Labbo ya ware yatsunsa biyar ya yi masa daƙuwa, yana murmushi.

Kansa ya fasa ruwa.

Iska ta shige shi da ƙarfi, hayaniya ta rufe shi. "Tunau ya fito! Tunau ya faɗi!" Samari na buga gefen jirage suna yi masa ihu. Makaɗi ya juya kiɗa zuwa taken Labbo. Can a gaɓa Tumba ta rangaɗa guɗa, ta ɗaga Hajjo ta aza a kafaɗa don ta ga fitowar babanta.

Tunau ya ja iska ya sake nutsawa. Ga gindin gwangwala nan kusa, a cake cikin laka. Ba Labbo, ba farin yashi, ba komai sai laka. Ya yi ta tonon ta da hannu har numfashinsa ya ƙare, ya fito, ya koma, ya sake fitowa. Ya mari ruwa ya ce, "Kogi, a sake! Ban yarda ba, a sake!" Jama'a suka kwashe da dariya, suna cewa halinsa ne, bai taɓa yarda da kaye ba.

Gwaggo Ige ta ratso mutane ta shigo ruwa har gwiwa, ta ci ɗamara da gyale don rawa, bakinta har kunne. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai Tunau, bar wahalar da kanka, bana ma ya kayar da kai! Leƙa ka ce wa ɗan'uwanka ya isa haka, kowa ya gani. Ya fito ku zo ku ci abinci, tun ɗazu na sauke."

A nan nake tsayawa duk ranar da na ba da labarin nan, gaba da nan bakina ba ya iyawa. Tunau na riƙe da gwangwala, ruwa na zuba daga fuskarsa, ba wanda ya gane kuka yake yi. Ya buɗe baki ya ce, "Gwaggo..." Makaɗi ya ɗaga hannu daga ganga. Wurin ya yi tsit, kowa ya zuba wa ruwa ido yana jiran gwani ya fito.